Keken Nan Lafiyarsa Ƙalau

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Injiniya mai gyaran keken ɗinki, maƙwabcina a layi, abokina na shekara arba'in da ɗaya, ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana uku, yana da shekara saba'in da biyu. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinsa kowa zai koma idan lokacinsa ya yi. Na buɗe shago ke nan, ko mayafin keke ban ɗaga ba, sai ga Babba, ɗansa na fari, ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya da sallama yadda ya saba ba. Ya ce, "Baba Tela, sai haƙuri." Ban tambaye shi haƙurin me ba. Na lalubo takalmina, na ja ƙofa, muka tafi.

Injiniya, yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma da kai nake magana, don ban saba doguwar magana da kowa ba in ba kai ba. Ka san ni ba marubuci ba ne. A kan takardar nan mai ruwan ƙasa da nake yanka samfurin riga nake rubutu, da alƙalami mai kaurin baki, kowane harafi ya kai maɓallin kwat. Malama, 'yarka ta tsakiya, ta ce za ta kwafe shi da kyau ta gyara inda na yi ɓarna. Na ce ta gyara rubutu, amma kada ta taɓa magana. Niyyata da farko in yi maka addu'a in yi shiru, kamar yadda ya dace da tsoho. Abin da ya hana ni wata magana ce da aka yi a ƙofar gidanka, ranar da muka dawo daga kai ka.

Muna zaune a tabarma ana ta yabonka, sai telan ƙarshen layi ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya jiƙan Injiniya, mutumin kirki ne. Sai dai a ƙarshen nan hannu ya ƙi shi. Keken Tela kaɗai shekara uku yana bi kullum, har ya koma ga Allah bai gano kansa ba." Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayinka ma yake ji. Mutane biyu uku suka gyaɗa kai. Auta, 'yarka ta ƙarshe, wadda ka bar wa shago, tana tsaye a zaure da butar ruwa a hannu, kuma ta ji. Ni kuwa, da ya kamata in buɗe baki, sai na sunkuyar da kai ina murza bakin tabarma. Na ji kunyar kaina ranar nan, kuma har yanzu ina ji.

Maganar nan ba gaskiya ba ce. Keken nan lafiyarsa ƙalau, bai taɓa gagarar ka ba ko na minti ɗaya. Ni ne ba ni da lafiya, kai kuma ka rufa mini asiri da sunanka na sana'a, wanda ka yi shekara hamsin kana ginawa. Zan faɗi yadda aka yi, ko da faɗin zai sa masu kawo mini ɗinki su watse. Amma bari in ɗauko daga farko, domin wanda bai san ka ba ya san mutumin da ake magana a kansa.

Ina da shekara ashirin da takwas na sayi keken nan, na hannu, baƙi, zanen ruwan zinariyar jikinsa ya fara gogewa. Kwana biyu yana ɗinki, a na uku ya ƙi kamo zaren ƙasa. Na kwance abin da na iya, na zuba mai har ya jiƙe mini wando, duk a banza. Aka ce akwai wani matashi a can ƙarshen kasuwa da ke gane ciwon keke da kunne. Na cire kan keken na ɗora a ka, na yi tafiyar kusan awa guda cikin rana. Ka karɓa ka ajiye a benci, ka juya wilin sau biyu, ka karkata kai kana saurare. Sannan ka kwance allura, ka juya ta, ka mayar, ka ɗaure. Shi ke nan aikin. Ashe a juye na sa ta. Ka dube ni gumi na zuba, ka ce, "Maigida, da allurar kaɗai ka kawo, ai da wuyanka ya huta." Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace mini.

Bayan shekara guda shagon da ke jikin nawa ya zama babu kowa, na je na faɗa maka, ka dawo. Katako ne kawai a tsakaninmu, in ka yi atishawa ni nake yi maka addu'a. Tun daga ranar gaisuwarka ta safe guda ɗaya ce: "Tela, allura dai a daidai take yau?" A gaban baƙi ka yi mini ita, a gaban surukaina ka yi, ranar auren ɗana ma ba ka bar ni ba. Ni kuma ina ce maka makanikin tsuntsaye, saboda ƙananan sukudirebobin nan naka da ba su kai tsinken sakace ba.

Shagonka ban taɓa ganin irinsa ba. Gwangwanayen madara jere a kanta, kowane da irin ƙusar da ke cikinsa. Kawunan kekuna a ƙasa, kowanne da takarda ɗaure a wuya. Rigar aikinka ta kaki mai aljihu tara, wadda ni na ɗinka maka sau shida a rayuwa, kuma ka san abin da ke kowane aljihu ba sai ka duba ba. Kana da wata ƙa'ida da ba ka taɓa karyawa ba: ba ka mayar wa mutum kekensa sai ka sa masa zare sama da ƙasa, ka yi layi uku a kan ɗan ƙyalle, ka bar ƙyallen a ƙarƙashin ƙarfen da ke danne yadi, zaren na jikinsa. Wanda ya ɗaga mayafi ya ga ƙyallen nan ya san Injiniya ya wuce ta wurin. Ko mai keke na tsaye yana gaggawa sai ya jira ka yi layukan nan uku.

A gida ma haka kake, ba ka gaggawa. Na tuna ranar da Babba, yana ɗan shekara tara, ya kwance agogon bangon mahaifiyarsa don ya ga abin da ke ƙara a ciki. Ta same shi a tsakar ɗaki da ƙarafuna baje a faranti, ta ɗaga murya har muna ji daga waje. Ka shiga, ka duba farantin, ka duba yaron, ka ce wanda ya kwance shi zai ɗaura. Yamma uku kuna zaune a tabarma kai da shi, ba ka taɓa ko ƙusa ɗaya da hannunka ba, sai nuni da baki. Agogon ya tashi, yana gudu da minti goma, kuma ka hana a gyara gudun. Har yau yana rataye a ɗakin yana gudunsa, duk gidan sun saba cire minti goma. Babba yanzu shi ke kula da injinan wani babban kamfani, amma in ya shigo ɗakin agogon yake fara kallo.

Malama kuwa tsoron jarrabawa take tun tana ƙarama. Duk ranar da za ta zauna babbar jarrabawa sai ka rufe shago, ka raka ta, ka zauna a gindin bishiyar da ke fuskantar tagar ajin, inda in ta ɗaga kai za ta hango hularka. Na yi maka tsiya a kan haka, na ce yarinyar nan ai ba kai za ka rubuta mata ba. Ka ce ka sani, zama kawai kake yi. Har jarrabawarta ta ƙarshe ta zama malama, tana da ɗa a baya, ka je ka zauna. Ta gaya mini jiya cewa in ɗalibanta suna rubutu, takan tsinci kanta tana leƙen taga.

Auta ita ce ta ɗauko kunnenka. Tana shekara shida take zama a ƙofar shagonka tana ware ƙusoshi a murfin gwangwani. Kana sa ta rufe ido ta faɗi keken wa ke aiki a layi, ta faɗa daidai, ka yi ta washe baki kamar an ba ka kyauta. Da ta gama makaranta ta ce gyaran keke za ta yi, surutu ya yi yawa, har ni na sa baki, na ce aikin maiƙo ne, bai dace da 'ya mace ba. Ka ce mini, "Tela, kai da ka sa allura a juye, ba kai za ka zaɓa wa keke likita ba." Daga ranar ban ƙara magana ba. Mahaifiyarsu ta ce mini shekara arba'in da huɗu tana tare da kai, ba ta taɓa jin ka kira ɗanka da mummunan suna ba. In ranka ya ɓaci, sai ka ɗauko tsumma ka yi ta goge abin da ba shi da datti har zuciyar ta sauka.

Ni kaina na ga abin da ba zan manta ba shekarar da na faɗo daga tsani na karya ƙafa. Lokacin komawa makaranta ne, kayan yara sama da sittin a jibge, ni kuma ƙafa a ɗaure, ba halin taka keke. Ka zo ka cire bel, ka ɗaura wa wilin mariƙi, ka jawo kujera ka zauna a damana. Sati biyu kana juya keken da hannunka ni ina bi da yadi, naka aikin na jira. Muna yi muna faɗa. Ni in ce ka yi sauri, kai ka ce in daina ba ka umarni kamar na saye ka. Hannunka ya kumbura har ba ka iya riƙe kofin shayi, amma babu yaron da ya tafi makaranta ba riga.

To, ga maganar da na daɗe ina kewaye. Shekara uku da 'yan watanni da suka wuce idona ya fara hazo. Na sayi tabarau, ya taimaka na ɗan lokaci, na sayi wanda ya fi shi kauri, shi ma ya gaza. Ina ganin mutum, ina ganin yadi da bakin yadi, hannuna kuma ya san hanya tun tuni, ɗinki ba ya karkace mini. Abu ɗaya ne ya gagare ni, kafar allura. Ramin nan da na yi shekara arba'in ina zura wa zare ina hira, ya ɓace mini ɗungurungum. Ban gaya wa kowa ba. 'Ya'yana dama sun daɗe suna cewa in rufe shago in huta, na san in suka ji an gama. Masu kawo ɗinki kuwa, wa zai miƙa yadinsa mai tsada ga telan da ba ya gani? Asibiti kuma tsoro nake ji, kada a ce mini babu magani. Girman kai da tsoro suka haɗu suka rufe mini baki.

Ranar da ka gane ba zan manta da ita ba. Wata mata ce ta kawo labulen ɗaki, tana zaune tana jira. Na yi ta fama da allura har na ɗauka zaren ya shiga, na taka keke, na tafi tun daga wannan baki har wancan. Na ɗaga labulen, sai ya rabu biyu a hannuna. Babu zare ko kaɗan, ramukan allura ne kawai jere. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga ka a ƙofa kana goge hannu da tsumma. Ta katako ka ji keken na tafiya ba nauyin zare. Ka dubi labulen, ka dube ni, kallo ɗaya. Sannan ka buga wa keken tafin hannu ka ce, "Na faɗa maka keken nan ya fara tofar da zare. Tashi in gani." Ka zauna, ka kwance abin da ba ya buƙatar kwancewa, ka ɗaure, ka sa zare, ka yi layi uku a ƙyalle, ka tashi. Matar ta ce Allah ya sa dai ba keken ne zai mutu ba. Ka ce za ka yi ta lallaɓa shi.

Daga nan abin ya zama aikinka. Da safe ka shigo da gaisuwarka, ka ce bari ka duba mara lafiya. Da yamma kafin a rufe ka sake shigowa, ka tambayi abin da zan fara da shi gobe, ka sa zaren da ya dace, ka bar ƙyalle. Da rana in zare ya tsinke, ba na kira. Shiru kawai keken zai yi, kafin in ƙirga ashirin sai in ji ka ajiye abin da ke hannunka, ka taho kana ƙorafi da ƙarfi don layi ya ji: "Keken nan kuma? Wallahi ya ishe ni." Ka buga ƙusoshi a bango ka jera mini zarurruka, baƙi a farko, shuɗi mai duhu can a ƙarshe, ka ce shagona ne ya cika hargitsi, alhali ka lura na fara rikita su. Kwarkwaron zaren ƙasa kuwa goma-goma kake naɗa mini, ka ce kana gwada wani abu ne.

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi mini tsiya a kan allura ɗaya, ko sau ɗaya bai taɓa yi mini tsiya a kan idona ba. Ba ka ce ka sani ba, ban ce na san ka sani ba. Har faɗan ƙarya muke yi a gaban mutane, kai kana zagin keken, ni ina kare shi, ina cewa kai ne ka tsufa. Allah ya yafe mini, da bakina na faɗi haka, mutane suna dariya.

Ai kuwa layi ya ɗauka. Aka fara cewa Injiniya ya gaji. Wasu da suka yi shekaru suna kawo maka kekunansu suka fara ɗauka suna wucewa ta gaban shagonka zuwa wani wuri. Ina zaune ina ganin inuwarsu. Wata rana wani ya tsaya yana yi maka ba'a, ya ce in keken Tela ya fi ƙarfinka ka bari a kira masu sabon ilimi. Ka yi dariya ka ce ai kowa da ranarsa. Ni ina jin komai ta katako, zuciyata na ƙuna, amma na ci gaba da taka keke.

Sau uku ka ce in raka ka asibitin ido, wai naka idon ke ƙaiƙayi. Kai da kake ganin ƙusar da ta faɗi a cikin yashi. Na gane dabararka, sau ukun kuma na kawo uzuri. Ba ka matsa ba. Ka ce to, sai wani satin.

Ranar Litinin ɗin ƙarshe ka shigo da yamma da yadin kaki a hammata. Ka ce in ɗinka wa Auta rigar aiki irin taka, aljihu tara, kada in rage ko ɗaya, domin ka yanke shawarar miƙa mata shago gaba ɗaya, kai ka koma zaman ba da umarni. Na yanka a gabanka. Ka zauna a kekena, ka ɗan daɗe fiye da kullum, na ji numfashinka na fita da nauyi. Na ce lafiya? Ka ce abinci ne ya zauna maka a ƙirji. Ka ja mayafi ka rufe keken, ka ce sai da safe. Ba ka kai gida da ƙafarka ba. Talata da Laraba ina gefen gadonka, ba ka magana sosai. Laraba da la'asar ka buɗe ido ka gan ni, leɓenka ya motsa. Na kai kunne, sai na ji ka ce, "Wa ke shago?" Na ce babu kowa. Ka ce, "Rago." Ita ce kalmar ƙarshe da na ji daga bakinka, kuma na karɓa.

Bayan kwana huɗu da rasuwarka na koma shago na ɗaga mayafi. Ga ƙyallen nan a inda ka saba bari, ɗan guntun kaki, layi uku, zare ruwan kaki a cikin allura. Na shafa da yatsa, layukan a miƙe kamar an sa ma'auni. Na mayar da mayafin na zauna. Kwana bakwai ina zuwa in buɗe shago, in share, in zauna, ban taka keken ba. Masu ɗinki suna zuwa ina cewa makoki nake yi. Makokin gaskiya ne, amma akwai wani abu bayansa. Na san in na taka, zaren nan zai tsinke ko ba daɗe ko ba jima, kuma in ya tsinke keken zai yi shiru, in ƙirga ashirin, babu mai shigowa.

Jiya da safe na ji an buɗe shagonka. Aka share, aka motsa gwangwanaye. Can sai ga Auta a ƙofata da jakar kayan aikinka. Ta gaishe ni ta durƙusa, sannan ta ce, "Baba Tela, Baba ya ce keken nan yana tofar da zare, in riƙa duba maka shi safe da yamma."

Na dubi yarinyar nan da aka faɗi maganar banza a kan ubanta tana ji, ta zo za ta ɗora wa kanta irin kayan da ya ɗauka, tun ba ta yi suna ba. Na ce, "Auta, zauna. Keken nan lafiyarsa ƙalau. Idona ne."

Ta ce, "Na sani, Baba. Tun ranar labule. Ta katako na ji, ni ma." Ta sa hannu a jaka ta fito da kati ta ajiye mini a kan keke. Katin asibitin ido ne, ta ce a aljihu na tara na rigar aikinka ta same shi. Sunana ne a jiki, ba naka ba.

Na yi kuka, Injiniya, ba zan ɓoye ba. Da na share fuska na ce kada ta taɓa allurar, ta koma shagonta. Na ɗauko kakin da na yanka a gabanka, na cire ƙyallenka na sa a aljihun ƙirjina, na taka keke. Na haɗa kafaɗu, na ɗora wuya, na gangaro gefen hagu. A bakin aljihu na farko, inda kaki ke ninkuwa huɗu, zaren ya tsinke. Keken ya yi shiru. A lokacin akwai mutum biyu a bencina suna jira, telan ƙarshen layi kuma yana wucewa da almakashi zai kai wasawa. Ban ƙirga komai ba. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Auta, zo ki sa mini zare, ba na ganin kafar allura." Telan ƙarshen layi ya tsaya cak. Na kira shi, na ba shi kujera, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Da ya tashi, shagonka ya shiga, na ji yana ce wa Auta gobe zai kawo kekensa.

Ɗaya daga cikin masu jiran ya karɓi yadinsa ya tafi, ban ga laifinsa ba. Ɗayan ya zauna. Rigar na gama ta yau da azahar, aljihu tara cif. Na nuna wa Auta daga wuya zuwa bakin aljihun hagu, na ce wannan zaren babanki ne ya sa shi, sauran naki ne. Ta sa ta a take, ta ɗan yi mata yawa a kafaɗa, ta hana ni ragewa. 'Ya'yana ma na kira su na gaya musu. Ranar Talata mai zuwa Babba zai kai ni asibiti da katin nan. Ban san abin da likita zai ce ba, ko in ci gaba da ɗinki ko in ajiye. Duk wanda ya zo na karɓa.

Saboda haka duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, musamman telolin layinmu da duk wanda ya taɓa ɗauke kekensa ya wuce ta gaban shagon nan, ya sani: Injiniya ya rasu hannunsa da kunnensa garau. Babu keken da ya taɓa gagarar sa. Wanda ke shakka ya zo, ƙyallensa na ƙarshe yana aljihuna, ya duba layukan da idonsa, tunda shi yana gani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, wadda ta yi haƙurin zama da mu biyu, domin rabin ranarsa a wurina yake yi. Ina yi wa Babba da Malama da Auta ta'aziyya, da jikokinsa bakwai, da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ke cin abinci da keken da ya taɓa gyarawa. Allah ya ba ku haƙuri, ya haɗa kanku, ya sa albarka a abin da ya bari. Ku yafe mini shirun da na yi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa tare da iyayensa. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Ya Allah, shekara uku bawan nan naka yana rufa mini asiri safe da yamma, ana yi masa dariya yana dariya, bai taɓa nuna mini ya sani ba. Ni shaida ne. Ka rufa masa nasa asirin ranar da babu mai rufawa sai kai. Amin.

Tela, maƙwabcinka.